Don Allah a taimaka mini da ƙarshen waƙar Gower

Assalamu alaikum malamai. Ina rubutu kan Confessio Amantis ta John Gower, mawaƙin Ingila, wadda ya kammala wajajen 1390, kuma na cije a littafi na 8. Amans, masoyin da ke ba da labarin, ya yi ta kai kuka ga Genius, limamin Venus allahiyar soyayya, cewa wadda yake so ta ƙi kula shi. Yakan raka ta coci, ya zauna kallonta tana ɗinki, har wasa da 'yan karnukanta yake yi. Can a ƙarshe Venus ta miƙa masa madubi, ya ga furfura da tamoji. Wallahi wurin ya taɓa ni. Shin tun farko tsufansa ne ya hana ta amsa, ko ƙin nata ba ruwansa da shekaru? Waɗanne baitoci zan kafa hujja da su?