Hawan jini ga olsa, albashi kuma baya kaiwa 20 ga wata, dan Allah ku bani shawara

Assalamu alaikum Anty admin barka da ƙoƙari, dan Allah a ɓoye sunana saboda akwai dangin mijina a gidan nan.

Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano, yarana huɗu, albashina dubu 38 ne kuma shima sai wata ya raba ake biya. Maigidan adaidaita sahu yake ja amma ba nashi bane, kullum sai ya kai balas ko ya samu ko bai samu ba, tunda aka cire tallafin mai a 2023 abin da yake shigowa da shi gida bai fi na cefanen dare ba, wata rana ma sai dai ya ce min yau fa man ne ya cinye. Ba laifinsa nake gani ba wlh yana iya bakin ƙoƙarinsa.

Matsalata tun haihuwar autana shekara biyu kenan aka ce jinina ya hau, aka ɗora ni a kan amlodipine kullum ɗaya. Ga kuma olsa da nake fama da ita tun ina budurwa. To gaskiyar magana bana shan maganin hawan jinin kullum, idan na sayi kati ɗaya sai na riƙa tsallake kwana ɗaya ko biyu dan ya daɗe, in naji jikina garau sai na ajiye gaba ɗaya sai kaina ya fara sarawa na koma. Ciwon baya da ciwon kai kuma idan sun matsa min yaro nake aika kemis ɗin layinmu ya haɗo min na ɗari biyu a ƙullin leda, ja da fari da wani rawaya, ina sha sai naji sauƙi amma da daddare ƙirjina kamar an zuba garwashi. Shekaranjiya jiri ya ɗebe ni a gaban allo sai da na dafa benci, wata abokiyar aikina ta raka ni aka auna aka ce 168 a kan 104.

Abin da ya fi damuna ma yanzu halina ne ya canza. Abu kaɗan sai na hau faɗa. Jiya na dawo daga makaranta a gajiye ba wuta kwana uku, miyar da na yi ta kwana biyu ta yi tsami, mai ruwa ya ce kura ta ƙara kuɗi, sai ga 'yata ta biyu ta kifar da man gyaɗan da na auno na ɗari biyar a tsakar gida. Wlh dukan da na yi mata sai da na shiga ɗaki na zauna ina kuka, yarinya shekararta bakwai, da daddare ta zo ta kwanta a jikina tana cewa Umma ki yi haƙuri gobe zan kwashe. Ni ba haka nake ba.

Dan Allah masu irin wannan lalura ya kuke yi da kuɗin magani, kuma me zan rage me zan bari, dan ni kaina ya kulle. Masu cewa na kama sana'a ku sani jari ne babu.

Maman 'Yan Biyu:
Allah sarki 'yar uwa, wlh sai da na yi hawaye a wajen maganar yarinyar nan. Allah ya yaye miki, ya buɗa wa maigida. Abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, duk gidan da kika leƙa yanzu da irin nasa.

Hajiyar Gwammaja:
Ki ajiye maganin bature ɗin nan kawai, shi in ka fara ba ranar dainawa, kuɗi kawai suke ci. Ki samu zoɓo ki jiƙa ba sukari, ki haɗa da tafarnuwa da ganyen zogale safe da yamma, ni shi nake sha. Olsa kuma ki riƙa jiƙa 'yar kanwa kina sha tana kwantar da ita nan take.

Nas daga Zariya:
Hajiya ki yi haƙuri ba raini ba, amma shawarar nan zata iya kwantar da baiwar Allah nan kwanciyar da ba tashi. Bari na ɗan yi dogon bayani dan na ga abu uku a rubutunta da suka tayar min da hankali.

Na farko tsallaken magani. 'Yar uwa hawan jini ba kamar maleriya bane da zaki ji a jikinki, mutum zai iya yawo da 170 yana dariya yana cin tuwo, ba ciwon kai ba komai, sai dai kawai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Jin garau ɗin da kike yi maganin ne yake aiki, ba warkewa kika yi ba. Daga 140 a kan 90 ake cewa ya hau, ke kuma kina 168 a kan 104. Kuma amlodipine yana cikin mafi arha a magungunan hawan jini, matsalar sai an ce miki sai na kamfani kaza na waje. Ki ce a famasi a baki mai sauƙin kuɗi wanda yake da lambar NAFDAC, sinadarin ɗaya ne, ki duba ranar lalacewarsa, ki sayi na wata guda rana ɗaya ranar da albashi ya shigo kafin kuɗin ya bi ta kan cefane. Ki lissafa kuɗin ƙullin ledar da kike aika yaro a wata, na tabbata ya kusa ko ma ya fi kuɗin maganin naki na gaskiya.

Na biyu shi wannan haɗin na kemis. Yawanci a ciki akwai diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci ma duka biyun, har da su prednisolone ake jefawa. Su ne suke cin bangon ciki, shi yasa kike jin garwashin nan da daddare, kuma suna ƙara hawan jini suna wahalar da ƙoda. Wato da kuɗinki kike sayen abin da yake ƙara miki cutukan biyu a lokaci ɗaya. In ciwo ya matsa parasitamol kaɗai, shima ba a wuce ƙa'ida. Olsar da ta daɗe haka tana tafiya tana dawowa sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ake kira H. pylori, ana gwajinta a bayan gida ko a jini, in an same ta magani ne na kamar sati biyu, kala biyu na kashe ƙwayar cuta da omeprazole, mutane da yawa daga nan suke rabuwa da ita. Ya fi miki sayen maganin ruwa kwalba kwalba shekara da shekaru.

Na uku kanwa. Dan Allah kar ki sha. Eh tana kwantar da zafin ciki na ɗan lokaci amma gishiri ce a wata riga, sinadarin sodiyam ne a cikinta irin na gishirin miya, jini zata ƙara tayar miki. Tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka yi rubutu a kan yadda kunun kanwa da wankan jego suke da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa. Zoɓo ba sukari ba laifi, yana ɗan taimakawa, amma ƙari ne a kan magani ba madadinsa ba. Gishiri kuma hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi kar babba ya wuce giram 5 a yini, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da indomi da yajin da muke barbaɗawa.

In kina shan ƙwayar tsarin iyali ki faɗa wa likita wacce iri ce, akwai masu tayar da jini sai a canza miki. Kuma in kika ga bayan gidanki ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai da jini, ko baki ya karkace, hannu ya yi nauyi, magana ta sarƙe, ko tsakar dare ne a tafi asibiti kar a tsaya shafa mai. Ki koma a sake aunawa cikin satin nan, wataƙila sai an ƙara miki wani a kan wanda kike sha.

Hajiyar Gwammaja:
To malamar asibiti naji, ni dai abin da na gani ya yi min na faɗa. Amma batun kanwar ban sani ba wlh, Allah ya sa mu dace.

Mai tambaya:
Anty nas na gode Allah ya saka da alheri, jikina har ya yi sanyi. Dunƙule huɗu nake sawa a miya saboda ba nama, in ban sa ba yaran basa ci. Kuma eh ina shan ƙwayar tsarin iyali, a kemis nake saya ban taɓa faɗa wa likita ba.

Uwargida Ran Gida:
Batun dunƙule ki dawo da daddawa 'yar uwa, daddawa mai kyau da albasa da ɗan busasshen kifi ko ƙashi na ɗari biyu, ki rage zuwa biyu sannan ɗaya, a hankali harshen yara zai saba, nawa da farko sun yi ta ƙunƙuni yanzu ko a jikinsu.

Ni abin da ya cece ni a gidana shine na daina sayen abu na ɗari ɗari a shagon unguwa, nan kuɗi yake zurarewa ba ka sani ba. Mu biyar ne a layinmu muke haɗa kuɗi duk wata, mijin ɗaya daga cikinmu ya je Dawanau ya auno mana masara da wake da gero a raba da kwano, lokacin kaka kuma da tumatur ya yi arha a 'Yankaba mu sayi kwando mu yanka mu shanya a kan rufi, da attaruhu da kuɓewa duka. Tunda ba wuta ki daina miyar kwana biyu mai ruwa, ki soya kayan miyan su ƙone ruwansu tas da ɗan mai a sama, kullum ki ɗiba ki yi ta ranar, kuka da busasshiyar kuɓewa kuma basa neman firij. Wake ki jiƙa shi tun dare, gawayin da zai ci ya ragu sosai. Kuma mai olsa ba a zama da yunwa, ko kunun gero ne ki zuba a fulas ki tafi da shi makaranta, kar ki ce sai kin dawo ƙarfe biyu zaki karya.

Ma'aikaciya a sakatariya:
Dubu 38 a wannan zamanin, innalillahi. Tun Yulin 2024 aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi dubu 70, amma masu makarantun kuɗi da yawa ko a kwalar rigarsu, kuma dokar ma bata hau kan wurin da ma'aikata basu kai 25 ba, ta nan suke fakewa. Shawarata ki je ofishin KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai take ɗauka ba, akwai tsarin masu zaman kansu akwai kuma na marasa ƙarfi da ake yi ta asibitocin sha ka tafi na unguwa. Ki tafi da lambar NIN ɗinki ki tambaya da bakinki wanne zaki iya shiga, kar ki bi ta hannun ɗan tsakiya. Sai an yi haƙuri da layi da je ka ka dawo amma mai shan magani kullum irin ki shi tsarin ya fi yi wa rana. Awon jini kuma asibitin unguwa ya isa ba sai kin hau mota zuwa babban asibiti ba, ki samu ɗan littafi kina rubuta lambar da kwanan wata ki nuna wa likita.

Amaryar Bana:
Ni dai tambayata ina mijin yake a duk wannan? Lafiyarki ai haƙƙinsa ce. Ku mata kun fiya rufa wa maza asiri har ku mutu a tsaye.

Maman 'Yan Biyu:
Amarya ki bari ki shekara biyu tukuna sai ki dawo mu yi maganar. Ta ce miki mutumin nan balas yake kaiwa kullum, gaba kura baya sayaki. Amma ta wani ɓangaren kina da gaskiya, 'yar uwa shin ya ma san kina tsallake maganin? Dan na san halinmu, sai mu ɓoye muce kar mu ƙara masa damuwa. Ki zaunar da shi bayan ya ci abinci ya huta, ba lokacin da ya shigo da ƙurar titi a fuska ba, ki nuna masa takardar awon ki ce ko ɗari biyu ce kullum ya riƙa jefa miki a asusu na magani kaɗai. Namiji in ya ji kalmar shanyewar ɓarin jiki yana nutsuwa.

Malama mai Islamiyya:
Batun duka nake so na taɓa. Kukan da kika yi alama ce zuciyarki na nan da rai, kar ki tsani kanki. Amma ki kira yarinyar ki ce mata Umma ta yi kuskure, ba ya rage miki girma. Manzon Allah SAW ya koyar da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai wuce ba ya kwanta, kuma ya nemi tsari daga shaiɗan. Ni abin da nake yi in na shigo gida bana kula kowa sai na yi alwala na zauna minti goma na sha ruwa, yarana har sun sani, da kansu suke cewa ku bari Mama ta huce. Yunwa da rashin bacci da rana su ne rabin faɗan nan. Kuma tunda ke malama ce ai kina da jari a kanki, ki tara yaran makwabta biyar ko shida bayan la'asar kina musu lesin a tsakar gida, iyaye suna biya a sati, ba sai kin sayi komai ba sai alli. Amma ba kullum ba, kwana uku ya isa, kar a gudu daga rami a faɗa rijiya.

Mai tambaya:
Na gode muku duka wlh naji kamar an sauke min dutse. Jiya da daddare na faɗa wa Abbansu komai, shiru ya yi ya daɗe sannan ya ce me yasa ban faɗa masa tun tuni ba, da safe kafin ya fita ya ajiye min dubu ɗaya a kan firij ɗin da ba wuta, na sayo maganin na sha na yau. Ƙullin ledar na zubar a masai. Alhamis bamu da darasi bayan tara zan je a sake aunawa na tambayi batun ƙwayar tsarin iyalin da gwajin olsar, in kuɗin gwajin ya fi ƙarfina sai ƙarshen wata. Uwargida dan Allah soyayyen kayan miyan nan kwana nawa yake yi a wannan zafin bai lalace ba, kuma manja kike sawa ko man gyaɗa?

Uwargida Ran Gida:
Manja ya fi riƙe shi. Nawa yana kwana uku, amma kullum safe da dare sai na ɗora shi ya yi zafi sosai, kuma kar ki bari yara su sa cokali mai ruwa a ciki.