Wai Godzilla da Kong labari guda ne?

Dan Mokoyo:
Salamu alaikum yan uwa. Jiya wani abokina ya tura min Godzilla vs. Kong a waya, mun kalla har rabi kuran ya dauke batir ya mutu, amma abin da ban gane ba wai mi ya hada kadangaren nan da biri? Akwai na farko ne da ya kamata in fara da shi?

Na Zariya 2:
Wa alaikumus salam. Ai ka faro daga tsakiya ne abokina. Godzilla na 2014 shi ne farko, sai Kong: Skull Island 2017, sai King of the Monsters 2019, sannan naka na 2021, na 2024 kuma har hada kai sunka yi. Duk kamfanin Legendary na Amurka ne, kuma kungiyar Monarch da ke bin diddigin dodannin ita ta daure labarin wuri guda.

Baban Iliya:
Ku yara kun dauka na Amurka ne, Godzilla dan Japan ne tun 1954, kamfanin Toho, kuma tsoron bam din nukiliya ya haife shi. Nemi Minus One na 2023 ka gani, shi bai cikin jerin can.

Yar Bagalam:
Baba ni dai Kong nike so wallahi, yana da tausayi kamar mutum, wancan sai ihu da rushe gidajen bayin Allah.

Dan Mokoyo:
Na gode. Wa ke da na 2017 in zo da kart memwar bayan la'asar?