Burodin keto da yis ya ƙi tashi

Uwargida: Assalamu alaikum. Burodin keto (mai ƙarancin sitaci da sukari) na garin almond da yis, me ke hana shi kumbura? Yana fitowa a dunƙule.

Mai Tanda: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Garin almond ba shi da gulutan, sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo, don haka ba abin da zai riƙe iskar da yis ke fitarwa. Gwada wannan: garin gulutan giram 150, garin flaxseed giram 70, oat fiber (garin ɓawon hatsin oat) giram 60, ƙwai 2, bota giram 30, gishiri kaɗan. Jiƙa yis ƙaramin cokali 2 a ruwan ɗumi mililita 240 da zuma ƙaramin cokali 1. In minti 10 ya wuce bai yi kumfa ba, yis ɗin ya mutu.

Uwargida: Zumar fa? Ai sukari ce.

Mai Tanda: Abincin yis ce, shi zai cinye yawancinta. Erythritol, mai zaƙin da ake sawa a madadin sukari, ba ya ciyar da shi.

Antin Kicin: Ki murza kwaɓin sosai, minti 10, har ya riƙa miƙewa. Ruwan jiƙa yis kada ya wuce digiri 43 na Celsius. Tashi ɗaya ya isa, awa 1 a cikin gwangwani, sai gashi a digiri 175 na minti 35. Kar ki yanka da zafi, cikin zai cakuɗe.