Me "acumen" take nufi, kuma daga ina ta fito?

Mai Shagon Ɗinki:
Assalamu alaikum. Ina cike takardar neman tallafin jari ne, sai na ga sun ce suna son mai "business acumen". Ƙanwata ta duba ƙamus ta ce wai kaifi ne. Ni dai kaifin da na sani na almakashi ne da reza. Me ya haɗa shi da sana'a? Ba na son in amsa abin da ban gane ba.

Tsohon Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙanwarki ta kusa. Kaifin basira suke nufi, irin na wadda za ta taɓa yadi tun watan Sha'aban ta san shi za a yi yayi da Sallah.

Asalinta kalmar Latin ce, harshen Rumawan dā. Turawan Ingila sun aro ta a ƙarni na 16, ko harafi ɗaya ba su sauya ba. A Latin ma'anarta tsini. Ta fito daga "acuere", wato fiƙewa ko wasawa, kuma danginsu ɗaya da "acus", allura, wadda ke hannunki kullum.

Abin da ke burge ni shi ne mu mun raba biyun: kaifi yanka yake yi, tsini kuwa huda. To "acumen" ta ɓangaren tsini take, hankalin da ke huda magana har ya taɓo cikinta. Sai dai Bahaushe ba ya cewa tsinin basira, don haka ki riƙe kaifin.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, ashe shi ya sa a asibiti muke kiran ciwon da ya taso farat ɗaya da ƙarfi "acute", saɓanin wanda ya daɗe a jiki. Har da "acupuncture", maganin Sinawa na soka allurai, ko?

Tsohon Malamin Turanci:
Ƙwarai kuwa, Malama. A lissafi ma kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba "acute" ce, saboda bakinta a tsuke yake kamar tsinke. Wajen furuci kuwa, mu a makaranta "akyuumen" aka koya mana, ana jan tsakiya, yanzu an fi danna farkon. Duk biyun sun karɓu.

Mai Shagon Ɗinki:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zan rubuta musu yadda na lura iyaye na shan wahalar neman kayan makaranta a kan lokaci, na fara ɗinka su tun ana hutu, har na sayi keke na biyu.