Zoben gwal ɗina ya fara yin fari, jabu aka sayar mana ne?

Maman Hanifa:
Salam ƴan uwa don Allah ina neman masu sani. Zobe ne da awarwaro biyu aka saka min a lefe, na Saudiyya ne wai karat 21, akwai ma 875 a rubuce ta ciki. To kwanan nan sai na ga zoben ya fara yin wani fari-fari kamar azurfa ta wajen da yake taɓa yatsa, awarwaro ɗaya ma ya soma. Na goge da auduga na wanke da omo bai fita ba. Shin gwal na gaske yana haka ko kuwa fenti ne ya fara ɓarewa? Wallahi abin ya tsaya min a rai don ajiyata ce ta rana mai wuya.

Baban Sadiq:
Wa alaikis salam hajiya. 875 ɗin nan ma'anarta cikin kashi 1000 kashi 875 zinare ne, sauran jan ƙarfe da azurfa ake haɗawa don ya yi ƙwari, shi ne karat 21, wato ma'aunin tsabtar zinare. In 750 ne 18 ke nan irin na Italiya, 916 kuma 22, shi 999 wato 24 laushi gare shi, lanƙwashewa yake shi ya sa ba a cika yin awarwaro da shi ba. Amma fa lamba kaɗai ba hujja ba ce, masu jabu ma suna bugawa. Ki kai wa ƴan gwal su goga shi a dutse su ɗiga asid, in na gaske ne layin da ya bari a dutsen ba zai ɓace ba. Gwajin maganaɗisu kar ki dogara da shi, tagulla ma ba ta kamawa.

Anti Rabi:
Ƙanwata tambaya ɗaya kar ki ji haushi, wane mai kike shafawa? Na karanci kemistiri kuma abin da kika faɗa ya fi min kama da aikin zaiba, wadda ake cewa makuri. Zinare ba ya tsatsa, ruwa da gumi ba sa masa komai, asid guda ma ba ya cinsa sai an haɗa kala biyu masu ƙarfi, amma zaiba da ta taɓa shi take shiga jikinsa su haɗe ya koma fari, har ya riƙa saurin karyewa, shi ya sa gogewa ba ta fitar da shi. Kuma da yawa cikin mayukan bilicin da sabulansu da ake haɗawa a sayar babu ko takarda akwai zaiba a ciki. Ko kuma in tsinken auna zafin jiki na gilashi ya taɓa fashewa a hannunki. In man ne ki daina yau ɗin nan, ƙoda yake lalatawa, kuma in kina shayarwa yana bin nono.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Anti akwai wani haɗi da na fara shafawa bayan suna, a roba aka kawo min. Zan iya gyara zoben a gida?

Dan Anka:
A'a hajiya kar ki kuskura ki sa shi a wuta a kicin. Da wuta ake korar zaiba, haka masu haƙar zinare a wajenmu suke yi, su cuɗa ta da garin dutse ta kamo zinaren sannan su ƙona, hayaƙin nan guba ne mara wari. Mu a Zamfara mun ga abin da sakaci da irin waɗannan abubuwa yake jawowa, a 2010 gubar dalma daga dutsen da ake dakawa a cikin gida ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Ki ware zoben da awarwaron a leda kar su taɓa sauran kayanki, ki kai wa maƙerin gwal ki faɗa masa gaskiyar abin da ya taɓa su, ke kuma ki je asibiti da robar man a hannu su duba ki da jaririn.