Me ke sa mutum maimaita fim ɗin da ya san zuƙi ne?

Abu_Hanifa: Salamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana fim ɗin Indiya. Jiya da daddare na sake kallon Dabangg, karo na shida ke nan in lissafina bai ɓace ba. Maiɗakina ta leƙo daidai wurin da ƙwanjin Salman Khan ke kumbura har rigarsa ta yage ta bar jikinsa, ta ce, "Yanzu kai da girmanka?" Na rasa ta cewa, don gaskiyarta ce. Ɗan sanda ɗaya tal, wato shi Salman ɗin, ya shiga sito ya tarar da ƙarti, ana tsakiyar ba-ta-kashi wayar ɗayansu ta yi ƙara, ya tsaya ya ɗan taka rawa, sannan ya ci gaba da jibgarsu. Wane hankali ne zai ɗauki wannan? Amma fina-finan da ake yabo, masu nutsuwa da darasi, sau ɗaya nake kallonsu, shi ma in barci bai sace ni ba. Ina sirrin yake?

Dattijo77: Wa alaikumus salam, ɗana. Su Indiyawa masala suke ce wa irin wannan fim, wato haɗin kayan ƙamshin miya. A zuba faɗa, a zuba soyayya, da waƙa, da ban dariya, da uwa mai kuka, a juya. Kuma ba yau aka fara ba. A 1977 darakta Manmohan Desai ya fitar da Amar Akbar Anthony, inda 'ya'ya uku suka ba wata mata jini a lokaci guda, ba su san ita ta haife su ba. Ko likitan ƙauye ya san ba haka ake ƙarin jini ba, amma jama'a suka yi ta cika sinima. Lebura a Bombay da ya wuni yana dako, tikiti ɗaya zai iya saya, to yana so a cika masa kwano da komai. Shi ya sa fim ke kusan awa uku, har da hutu a tsakiya.

Maman_Ihsan: Baba, ka yi haƙuri, ni dai ban ga abin burgewa ba. A Dabangg ne jaruma Sonakshi Sinha ta fara fitowa, me aka ba ta ta yi ban da sunkuyar da kai da jiran jarumi? Sannan a nuna ɗan sanda yana dukan mutane yana wawushe kuɗi, 'yan kallo na tafi. Da yawa daga cikin irin waɗannan fina-finan ma aro ne daga kudancin Indiya. Wanted na 2009 daga Pokiri na harshen Telugu aka ɗauko shi, Singham na 2011 daga Singam na harshen Tamil, Rowdy Rathore na 2012 daga Vikramarkudu na darakta Rajamouli. Gwara na kalli na asalin.

Sadiq_K: Anti, batun jaruma kam kin faɗi gaskiya. Amma kuɗin da Chulbul Pandey, wato ɗan sandan da Salman ya fito a matsayinsa, ya wawushe na 'yan fashi ne, shi ya sa yake kiran kansa Robin Hood Pandey, da sunan ɓarawon almara mai ƙwace na masu kuɗi ya ba talakawa. Talakan jihar Uttar Pradesh, inda labarin ya faru, da ya saba ganin ɗan siyasa ya fi ƙarfin doka, yau ga wani tantiri cikin kaki yana marin yaran ɗan siyasar. Ba zai yi fito ba? Don shi aka yi fim ɗin, da gangan aka sake shi a bikin ƙaramar sallah ta 2010.

Ni abin da na lura kuma, a fina-finan shekarun 1990 aikin a rabe yake: jarumi ya yi faɗa, Johnny Lever ya zo ya ba da dariya ya tafi. A nan kuwa jarumin ne da kansa ɗan barkwancin. Ya rataya tabarau a bayan kwala, ya girgiza bel ya kira shi rawa. Shi ma ya san wasa ne, kamar yana ƙifta maka ido. To wanda ya riga ka dariyar kansa, ta ina za ka kama shi da ƙarya?

Dattijo77: Sadiq, Amitabh ya riga Salman wannan. Je ka kalli Amar Akbar Anthony, inda ya bugu yana liƙa wa hotonsa na cikin madubi filasta.

Abu_Hanifa: Sadiq, ina jin ka taɓo wurin. Da na yi tunani, ba dukan nake jira ba, abin da jarumin zai faɗa kafin ya kai dukan nake jira, da yadda yake gyara gashin baki kamar ba shi za a taru a kai ba. Maman Ihsan, na ba ki gaskiya kan Sonakshi, kuma zan nemi Pokiri in gwada. Amma kar a gaya wa maiɗakina cewa Singham na ajiye na daren yau.