Sai da manhajojin tablet na'urar wasa ta hannu za ta yi kasuwa?

Da masu sha'awar wasannin bidiyo suka tattauna wannan batu, mafi yawansu sun ce a'a, kuma a ganina hujjarsu ta fi nauyi.

Misalin da aka fi daɗewa a kansa shi ne PlayStation Vita ta kamfanin Sony, wadda ta fito a Japan a ƙarshen 2011. A lokacin tana da Twitter da Skype da Netflix, har da samfurin da ke hawa layin 3G, amma kasuwa ta juya mata baya. Katin ajiyarta na Sony ne kaɗai, ga tsada kamar me, sannan manyan wasanni suka yi ƙaranci. A 2019 aka daina ƙera ta.

Nintendo Switch kuwa ta shigo a Maris 2017 ba Netflix, YouTube ma sai Nuwamba 2018 ya iso. Sabon wasan Zelda da Mario Kart ne suka jawo masu saye, har aka sayar da na'urar Switch fiye da miliyan 140.

Shawarar da aka ba kamfanoni ita ce su zuba kuɗi a wasanni masu kyau, batir mai daɗewa da farashi mai sauƙi. Mai sayen na'urar dama wayarsa na aljihu, me zai sa ya nemi Facebook a wani allon?

Wasu iyaye dai sun ce manhajar kallon bidiyo tana rage musu rigimar yara a doguwar tafiya, don haka a saka ta in ba za ta ƙara farashi ba.